Ta'aziyyar da Biro Ya Je Mini

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya a tsakiyar mata ina rantsuwa a kan tafiyar da ban yi ba. Abin takaicin ma, ni kaina na yarda na yi ta.

'Yata Aisa ce ta jawo mini. Ta gaji da yadda nake ɗora tukunya in manta, in yi alkawarin zuwa biki in tuna bayan an kai amarya. Sai ta sayo mini wani littafi mai kwali ja, kowace rana da shafinta, kowane layi da ɗan akwati a gefe. Ta ce, "Mama, ki rubuta abin da za ki yi. In kin gama, ki sa maki a akwatin."

Ni da karatuna bai wuce firamare ba (ita ma ban ƙarasa ba), sai ga ni da littafi da biro kamar akawu. Rubutuna manya-manya kamar sawun agwagwa, amma ina gane abina. Jiƙa wake. Kai ɗinki. Sayo garin tuwo. Kuma wallahi abin ya yi aiki, har maigida ya fara tambayata ranar da za a kawo ruwa.

Matsalar, makin nan ya shiga raina. Akwati ba maki yana damuna kamar tukunyar da aka bari ba a wanke ba. Sai na fara dabara: in na yafa mayafi zan fita, in sa makin tun a ɗaki, don kada in dawo ina neman biro. Daga nan kuma, duk abin da na tabbata a raina zan yi, sai in sa masa kawai. Ai niyya ma aiki ce, in ji ni.

Ana haka yayan ƙawata Ya Falmata ya rasu a unguwar Lamisula. Ya Falmata mace ce da ta zauna da ni a asibiti duk haihuwar da na yi. Na rubuta ta'aziyya, na yafa mayafi, na sa maki. Ina bakin ƙofa sai ga ƙanwar maigida da kwalin busasshen kifi daga kasuwar Baga Road, da labarin kowa a bakinta. Muka zauna gyaran kifi. (Mu a unguwarmu ta Bolori in hira ta yi daɗi, sai kiran salla ke raba mu.) Washegari na buɗe littafi, na ga maki, na ce alhamdu lillahi, wannan an sauke.

Bayan makonni muka haɗu a gidan biki, ranar wankin kan amarya. Na tafi da fara'ata zan rungume ta, ta miƙo mini 'yan yatsu.

"Ya Falmata, lafiya?"

"Lafiya lau. Mun gode da ta'aziyya."

Na ce, "Haba, ai yi wa kai ne."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Hajja, ba ki zo ba fa."

Kaina ya ɗaure. Na ce na zo mana. Har ina ganin kaina a kan tabarmarta, ina ganin butar alwala a gefe. (Daga baya na gane wancan zaman sunan jikarta ne, bara.) Ta ce ba ta gan ni ba, na ce taro ne ya yi yawa. Ta ce wa na tarar, na ce mutane. Mata suka bar kallon amarya suka juyo kanmu.

Nan na zaro littafi daga jaka, na buɗe, na ɗora mata a cinya. "Ga shi a rubuce. Biro ba ya ƙarya."

Ta duba, har na ga alamar ita ma ta fara zargin kanta. Da ta rufe a nan, da na tsira. Sai ta juya shafi, ta sake juyawa, ta wuce yau ta shiga mako mai zuwa.

"Hajja, nan kin rubuta barkar haihuwar Yagana, kin sa maki. Kin je?"

Bakina ya riga kaina. "Na je."

Yagana tana zaune a bayana, ta jingina da bango tana shan ardeb, ruwan tsamiya, cikinta har ƙirji. Ta ce, "Me na haifa, Hajja? Ki faɗa mini in huta."

Dariyar da aka yi, har mai wanke wa amarya kai sai da ta saki ƙwarya. Ni dai ina tsaye ina duba littafi, ina duba cikin Yagana, na rasa wanda zan gaskata. Ya Falmata kaɗai ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Da safe na hau Keke Napep zuwa Lamisula da kwanon abinci, na durƙusa na yi mata gaisuwar da ta dace, na ba ta haƙuri. Ta ƙare mini kallo. Can ta miƙo hannu ta mintsini damtsena.

"Ina dubawa ne, ke ce ko rubutunki ne."

Littafin yana nan, ina amfani da shi. Amma na koyi cewa biro ba shi da ƙafa. Yanzu sai na dawo, na cire takalmi, na sha ruwa, sannan nake sa maki. Wani lokacin ma sai na tambayi wadda na je gidanta ko ta gan ni.