Gudun Mota a Tsaye

Ranar da allurar gudun motar surukina ta daina motsi, ni na hana a kira makanike. Ai na kalli bidiyo a waya. Na ce, "Baba, sensa ce ta mutu, a bar min."

Na sayo sabuwar sensa, wato na'urar auna gudun, a wani shago a Kwangila, na shige ƙarƙashin motar a ƙofar gidansa a Tudun Wada, 'yan majalisarsa suna ta sa min albarka. Da na ɗaura, na tayar da motar a inda take, na taka totur har kajin maƙwabta suka watse. Allura ko gezau.

"Jabu suka sayar min!" Na koma na yi wa mai shago tas, ya canza min wata. Ita ma shiru.

Ina shirin sake komawa, Baba ya leƙo ta taga. "Malam, motar da ke tsaye, gudun nawa ya kamata ta nuna?"

Har yau in na tsuguna gaida 'yan majalisar, sai wani dattijo ya ce, "Injiniya, yanzu gudun nawa kake yi?"