Faifan Muntaka Mai Hana Yunwa

"Ni da yunwa mun raba gari," in ji Muntaka, yana shafa tumbi a ƙofar masallaci. "Rabona da loma har na manta. Ku da ba ku waye ba, ku yi ta bauta wa ciki."

Ka san wace shekara ake wannan cika baki? Shekarar nan da fari ya bi bayan fari, har kajin ƙauyenmu na gabas da Tsanyawa suka daina tono, don sun san ba abin da za su tarar. Kowa wuyansa ya yi tsawo kamar na zalɓe, in ban da Muntaka, da kumatunsa ke sheƙi kamar an shafa wa kabewa man gyaɗa.

Asirin, in ji shi, yana cikin akwati. Muntaka ya taɓa yin gadi a gidan wani Bature a Bompai. Da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya bar masa tsohon garmaho da 'yan faya-fayai. Ba na kiɗa ba ne. Wani mutum ne ke magana a hankali, kamar mai lallashin jaki ya tsallaka rafi, har mai sauraro ya lumshe ido ya shawo kan zuciyarsa da kansa. Tun daga nan cutar tara su ta kama Muntaka. Kullum yana hanyar birni wajen 'yan gwanjo. Yana da na daina shan taba, yana da na daina tsoron jirgin sama, shi da ko keke bai mallaka ba. Kowanne yana cikin rigarsa ta kwali, an jera su a akwatin ƙarfe, makulli a wuyansa. Ko Hure matarsa ba ta taɓa leƙa ciki ba.

Sarkinsu duka shi ne na hana cin abinci.

"Su Turawa ƙoshi ne ya dame su," in ji Muntaka. "Ni kuwa na juya shi ya zama maganin fari. Kai, da gwamnati ta san da ni!"

To, ruwa ya sauka a makare. Gero ya fito, ciyawa ta fito ta taka shi. Gonar Muntaka in ba a nome ta cikin makon ba, sai dai a kira awaki. Dole a yi gayya. Ita kuwa gayya, ka sani, ba a biyan ta da godiya: fura da hantsi, tuwo da azahar. Ga 'yan dammuna a rumbu, amma Muntaka ya fi son a cire masa haƙori da a taɓa su.

"Malam, a sauko da dami in yi surfe," in ji Hure.

"Dami? Ko zangarniya! Faifai zai ciyar da su."

"Ni fa na saurare shi, cikina bai ji Turanci ba."

"Ai ke ba ki da natsuwa."

Ranar gayya majiya ƙarfi suka hallara da fartanyunsu, Baba Nababa sarkin noma a gaba. Ɗanliti makaɗi ya rataya ganga zai fara, Muntaka ya tare shi.

"Yau hutu gare ka. Makaɗi ma baki gare shi."

Ya girke garmaho a gindin tsamiya, ya buɗe akwati ya zaro faifai, yana hura shi kamar mai hura wuta.

"Muntaka, ba dai tsafi ba ne?" in ji Baba Nababa.

"Ilimi ne, Baba. Ku dai ku yi noma, kunnuwa a buɗe."

Ya murɗa hannun garmaho, ya ɗora allura. Murya ta fito, sanyi ƙalau.

Abin da shugaban wayayyu ya manta shi ne, fartanyar gayya ganga take bi. In kiɗa ya yi zafi, ƙasa ta tashi. Yau kuwa Bature na jan magana kamar mai jan guga daga rijiya mai gaba talatin, fartanyu suka bi shi. A ɗaga... a jira... a sara. Garmaho ya fara saki, murya ta koma ta tsohon bajimi, fartanyu suka ƙara lafewa. Hantsi ya dubi ludayi, ba a gama kunya biyu ba.

"Muntaka!" in ji Badaru, wani ƙato mai ci kamar gara. "Bature ya yi nasa, ina furar?"

"Ba ku iya sauraro ba ne, gidadawa! Ku zo ku ga yadda ake yi."

Ya sake murɗa garmaho, ya jingina da tsamiya, ya harɗe hannuwa a kan tumbi, ya lumshe ido. Jama'a suka kewaye shi, su ma suka lumshe. To amma mai yunwa ina ya ga barci? Cikin kowa sai ƙugi yake. Mutum ɗaya tak faifan ya kama, kuma ka san ko wane ne. Kafin Bature ya kai tsakiya, minsharin Muntaka ya danne shi.

"Baba, a canja faifan nan," in ji Badaru. "Ƙila akwai mai kalangu."

Akwati na nan a buɗe. Baba Nababa ya zaro rigar faifai ɗaya daga can baya, ya ji ta da laushi, ga maiƙo ya huda kwalin. Ya girgiza. Sai ga gurasa ta faɗo, zagayayya, daidai girman faifai.

Ya zaro ta biyu. Gurasa. Ta uku, gurasa. A lungun akwati kuma ga ƙullin ƙuli-ƙuli da yaji.

Bismillah kawai aka yi.

Ana cikin haka Hure ta iso da tulun ruwa, abin da aka yarda ta kawo ke nan. Ta dubi bakuna suna motsi, ta dubi akwati, ta dubi mijinta. Ta sauke tulu a hankali, ta ɗebi ruwa ta yayyafa masa a fuska.

Muntaka ya zabura. "Yawwa! Kun gani? Yunwar fa?"

"Ta ragu ƙwarai," in ji Badaru, baki cike.

"Ban faɗa muku ba? Ilimi..."

Sai idonsa ya faɗa kan rigunan kwali a warwatse. Baba Nababa ya ɗaga gurasar da ta rage.

"Wannan faifan na mene ne, ɗana?"

Muntaka ya dubi gurasar. "Baba... rana ce. Zafin rana ne ke kumbura su haka."

"Allah Sarki," in ji tsoho. Ya ɗora gurasar a kan garmaho. "To sa mata allura mu ji abin da za ta ce."

Aka kece da dariya har Ɗanliti ya faɗi a kan gangarsa.

Hure ta gyara mayafi. "Baba, ku yi haƙuri ku koma gona. Ɗanliti, buga musu. Badaru, zo ka buɗe mini rumbu, yau kowa zai ci tuwo har ya bari."

"Ni fa, Hure?" in ji Muntaka, murya ƙasa-ƙasa.

"Kai, Malam? Ai kai da yunwa kun raba gari. A murɗa masa faifai."