Kwalin Hajiya Ladidi

Duk unguwarmu ta Rusaifa, nan ƙasa mai tsarki, babu direba mai kaifin idona. Na haddace finafinan direban nan mai baƙar kwat, wanda ba ya tambaya, ba ya buɗe kaya. Ranar da maƙwabciyata Hajiya Ladidi ta ɗora mini kwali naɗe da salatif, ta kwatanta wani gida a Aziziyya, na karɓa babu tambaya. Amma nauyinsa bai kwanta mini ba, ga wani ɗumi.

Ina hawa titi na hango farar mota a madubi. Na yi dama, ta yi dama. Na ce shi ke nan, an gano mu. Na taka mai, na kutsa lungunan Jarwal, na haye tudun titi uku babu birki. Sai da na ɓace mata ƙamshin daddawa ya cika motar.

Ashe mijinta ne, Alhaji Sani, yake bina da tuwon sunan jikarsu, tunda ni na san hanya. Miyar da ke cikin kwalin ta ƙare a kujerata, tuwo ya iso bayan la'asar, baƙi sun watse.

Har yau in na shiga majalisa sai Alhaji ya ce, "Ya usta, gwanin tuƙi, wancan na fim ɗin ko bam aka ba shi yana kaiwa lafiya. Kai miyar kuka ta gagare ka."