Abin da Alhaji Ya Goge

Ba zan taɓa mantawa da wata walimar suna da aka yi a unguwar Lewisham ba, ko da yake na so in manta.

A lokacin ina sayar da kilishi ta shafin intanet daga ɗan flat ɗina a unguwar Woolwich. Wanda ya haɗa min shafin ya saka wata manhaja mai nuna min duk abin da mai ziyara yake yi: inda ya danna, abin da ya rubuta, har wanda ya goge. Ya ce don kasuwanci ne. Ni kuwa hira na mayar da ita. Ba ni da kowa a garin nan, sai in zuba shayi in zauna ina kallon mutane suna shiga suna fita (har sannu da zuwa nake yi musu, ni kaɗai a ɗaki).

Akwai wani Alhaji Sabo da ke yawan saye. Rannan ya rubuta, "A rage yaji, basir ya matsa min." Sai ya goge, ya bar "A rage yaji." Na tausaya masa kamar ɗan uwana.

Da aka gayyace ni sunan jikansa a Lewisham, na goge kaftani ina murna zan yi aboki. Na same shi tsakiyar surukansa, na durƙusa.

"Alhaji, ni ne mai kilishi. Ya jikin? Basir ɗin ya lafa?"

Wani ya ƙware da kunu. Alhaji ya dube ni.

"Malam, wa ya gaya maka?"

"Ai kai ka rubuta, Alhaji. Kafin ka goge."

'Yarsa, wadda ashe lauya ce, ta ajiye faranti. "Kana recording ɗin abin da Baba yake typing? Ya ba ka izini? Irin wannan fa ake ta kai masu shafuka kotu a kansa yanzu, har kan rubutun da ba a tura ba."

Na ce wallahi zumunci ne. Ta ce alƙali bai san wannan zumuncin ba.

Alhaji ya ce a ƙyale ni. Ko shinkafar ban ci ba na kama hanyar tasha.

Na cire manhajar a ranar. Ba su kai ni kotu ba, kuma Alhaji bai sake sayen kilishina ba. Yanzu na gane: abin da mutum ya goge, bai gaya maka ba. In kana son sanin lafiyarsa, ka yi sallama tukuna, ka jira ya amsa.