Zabi Biyu da Damin Rake na Malamin Cikin Salula

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da aka rufe iyakarmu da Najeriya, wutar lantarki ta zama baƙuwa a Matameye. A shekarar ce aka aiko da wani mai horarwa daga Damagaram, Mushe Lawali (“Mushe” shi ne “Malam” a Faransancinmu), domin ya koya wa malaman lakwal, wato makarantar boko, aiki da abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira. A shekarar ce kuma na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba tun da na fara riƙe alli.

Ni ɗan makarantar allo ne kafin na zama malamin lakwal. Ajami na fara sani, boko daga baya ya zo, har yau kuma idan zan yi tunani mai nauyi daga dama nake fara rubutu. Da aka zo ɗaukar sunayen masu shiga horon, daraktanmu ya dube ni da ladabi ya ce, "Malam, ku manya ba sai kun wahalar da kanku ba." Maganar ta tsaya mini a rai. Na ce a sa sunana. An kuma sanar cewa a ƙarshe sufeto zai zaɓi mutum guda ya je Icirnawa ya koya wa malaman can, sai na ƙudurta a zuciyata cewa ni ne zan je, in Allah ya yarda, ko don darakta ya gani.

Sai dai ranar farko ba ta same ni ba, an yi mana rasuwa a Yauri. (A ranar ce aka yi bayanin ko mene ne abin. Ku riƙe wannan, shi ne kaɗai uzurina.) Da na dawo sai Madam Rabi, mai ajin da ke jikin nawa, wadda kuma taubashiyata ce, 'yar kawuna, ta karɓi salulata ta danna nan ta danna can, ta miƙo mini.

"Ga shi nan, tsoho. Duk abin da kake so ka rubuta masa, zai ba ka amsa."

"Wane ne?"

"Wanda ya fi ka karatu."

Na ga idan na ƙara tambaya za ta samu abin tsokanata har shekara ta zagayo, sai na yi shiru kamar na gane. A raina na yanke cewa wani malami ne gwamnati ta ajiye a Yamai, babban birninmu, yana amsa tambayoyinmu.

Kullum bayan la'asar ina zaune a zauren gidan su Rabi, domin su ke da farantin sola. Ita ke yi mini caji, ita ke nuna mini inda zan taɓa, wani lokaci tana girki tana leƙowa. Nakan tsara tambayata da ajami a takarda, sannan in juya ta boko da yatsa ɗaya. Na roƙi malamin ya shirya mini darasin kasafi na 'yan aji huɗu, ya shirya. Na ce yaranmu ba su san irin abincin da ya kawo misali da shi ba, na ce ya sa rake, nan take ya sa. Na ce Faransancin ya yi tsauri, ya sassauta. Sau ɗaya ya yi kure a lissafi na nuna masa, ya ba ni haƙuri ba tare da jayayya ba. Na ce lalle wannan ya sha tarbiyya.

Ba na fara tambaya sai na yi sallama na gaishe shi. Wata rana na tambaye shi iyali, ya ce shi ba shi da iyali, ba ya ma barci, shi na'ura ne. Wallahi tausayinsa na ji. Na ce aikin gwamnati ya mai da bawan Allah haka, har yana kiran kansa na'ura. Na sa shi cikin addu'a.

To mu yadda aka raine mu, ɗalibi ba ya tashi daga gaban malaminsa hannu rabbana. Ranar rufe horo ta faɗo washegarin kasuwa, don haka na riga na sayi zabi biyu masu ƙiba, na sa aka saro mini damin rake daga fadama. Na ajiye su bayan ajin da muke taro, ban gaya wa kowa ba.

Aji ya cika. Sufeto na gaba, darakta na gefensa. Kowa ya nuna darasin da ya shirya, nawa ma ya samu tafi. Aka ce in yi addu'ar rufewa, da yake ni ne babba. Na yi. Sai na ce a ba ni minti ɗaya, na fita na shigo da kayana, zabi na kuka, rake na jan ƙasa. Na dire su gaban Mushe Lawali na gyara murya.

"Mushe, idan ka koma ka sa a kai wa malamin nan na Yamai. Ka ce ɗalibinsa na Matameye ya gode. Ba dare ba rana yana amsa mana. Kuma don Allah, ranka ya daɗe sufeto, a duba lamarinsa, a ba shi hutu ya yi aure."

Mushe Lawali ya dubi zabi, ya dube ni.

"Malam, wane malami?"

"Na cikin salula mana."

Wani daga baya ne ya fara dariya. Kafin in ankara har sufeto ya cire tabarau yana share hawaye. Darakta ya kifa kai a tebur. Ɗaya daga cikin zabin ta kwance ƙafa ta haye kan benci. Ni kuwa ina tsaye da babbar rigata ta Juma'a, ina jin Mushe Lawali yana yi mini bayani a hankali cewa babu kowa a Yamai, inji ne da aka ciyar da rubuce-rubucen mutane har ya iya jera magana. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Rabi ce ta miƙe, ita da na zaci za ta fi kowa dariya.

"Ku gama dariyarku," ta ce. "Cikinku nawa ne suka karanta amsar kafin su kwafe ta a allon aji? Shi dai tsohon nan, da yake ya ɗauka mutum ne, kowane layi sai ya bi shi. Laifina ne da ban gaya masa ba." Sannan ta juyo gare ni ƙasa-ƙasa: "Amma aure, Malam? Har da aure?"

Na koma gida na tabbata Icirnawa ta wuce ni. Bayan mako sai ga saƙon sufeto, ni ya zaɓa. Ya ce malaman can tsoron abin suke ji, kuma ba wanda zai ji kunyar yin tambaya a gaban mutumin da ya kai wa inji zabi. Haka kuwa aka yi. Labarin ya riga ni isa, suka tare ni da dariya tun daga tasha, suka kuma yi ta tambaya har magariba. Abin da na fara gaya musu shi ne: wanda bai gane ba ya tambaya tun a ranar farko, ya fi arha.

Zabin kuwa, a yammacin ranar kunyar na ɗauke su da raken na nufi gidan su Rabi. A hanya ne na lura cewa makonni ina gaishe da inji ina yi masa addu'a, amma wadda ta ba ni wuta da zaure da haƙurinta ko sannu ban taɓa ce mata ba. Na yi sallama na ajiye.

"Na malamata ne," na ce. "Allah ya saka da alheri."

Ta ɗaga zabin tana auna nauyinsu. "Amin. Ka biya bashinka, tsoho. Amma ka sani, labarin nan ban yafe shi ba, sai jikokinka sun ji."