Ɓarawon Kantu a Bakin Get

"Lafiya lau, ba gajiya. Ke kuma wace iska ce ta kwaso ki da rana tsaka haka?"

"Iskar da ke kwaso 'yan sanda. Ina wuni, ɓarawo?"

"Lafiya ƙalau, amarya. Yaya mijin naki na aro? Har yanzu bai gaji ya dawo mini da ke ba?"

"Ya dawo da ni in ci me? Tari da labarin jirgin ƙasa?"

Malam Ƙasimu ke nan da jikarsa Fatimatuzzahra'u, wadda duk unguwa ke kira Zahra'u. Ni maƙwabciyar tsohon ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma katangar gajera ce. Don haka kada wani ya ce na kasa kunne. Ina zaune ina ɓarar gyaɗa maganar ta tsallako ta same ni.

Malam Ƙasimu tsohon dillalin citta ne a kasuwar Kafanchan. Tun da ya bar wa 'ya'yansa rumfa, aiki ɗaya ya rage masa a duniya, kuma ba ya wasa da shi: raka Maijidda, 'yar Zahra'u, makaranta kowace safiya. Uban yarinyar direban bas ne a hanyar Jere, kafin gari ya waye ya fita.

Da daminar da ta wuce taifot ya kwantar da Maijidda, ta tashi duk ta zama kamar tsinken tsintsiya. Nas ta ce a rage mata biskit da lemon kwalba, a ba ta abin da zai gina jiki. Zahra'u ta ɗaura ɗamara. Kantun riɗi da zumar Kagoma, dakuwa da dabino a maimakon sukari, wainar acca, awara, yankan gwanda, kullum da abin da take shirya mata a 'yar kularta ta makaranta. Amma yadda kular ta tafi haka take dawowa. Na ga Zahra'u da idona tana hawaye a kan kular nan, ni ma sai da na ji tausayi ya kama ni. Ana haka sai kwatsam kula ta fara dawowa wayam, yarinya ta fara yin kumatu. Murna ba ta gama shiga ba malamar ajinsu ta zo da wani labari, kuma labarin ne ya kawo Zahra'u da jaka a kafaɗa da fuska a murtuke.

"Anti Faustina, malamarsu Maijidda, ta tare ni a layin 'yan tumatir," in ji Zahra'u. "Ta ce, 'Maman Maijidda, akwai wani tsoho yana ƙwace abinci na yarinyanki kullum a get. Yarinya yana gudu, shi yana bin shi da sanda.' Kunya kamar in nutse."

"Tsoho ta ce? To ai ba ni ba ne. Je ki nemi tsoho."

"Ta ce mai jar hula."

"Rabin mazan Kafanchan jar hula suke sawa."

"Ta ce yana jan ƙafar hagu."

"Wannan salon tafiya ne, 'yan mata suna so. Ke ce ba ki waye ba."

"Ta ce yana ihu yana cewa, 'Uwar ɗakina, ki ji tsoron Allah ki sam mini!' Wa ke kiran Maijidda uwar ɗakinsa a garin nan?"

Tsoho ya gyara zaman hularsa, ya yi gyaran murya irin ta masu shirin kare ƙarya.

"To ko da ni ne, sai me? Wa ya haifi uwar da ta haife ki? Duk abin da ya fito daga turminki ina da kaso a ciki. Ladan rakiya nake karɓa. Kin taɓa ganin an wuce kwastan ba a sauke komai ba?"

"Kwastan mai bin 'yar aji biyu da gudu?"

"Ai ita ce ba ta tsayawa a shinge."

"Kaka, wallahi ba wasa ya kawo ni ba. Yarinyar nan da ƙyar muka samu ta fara cin abinci. Makaranta sun ce za su gaya wa maigadi ya hana ka matsowa get. Ni kuma na riga na yi magana da wani mai babur, daga Litinin shi zai riƙa kai ta. Ka huta."

Nan na ajiye gyaɗar na miƙe, domin na san an taɓa tsoho inda yake masa ciwo. Na leƙa ta saman katanga. Ya dubi sandarsa, sannan ya ɗago da fuskar tsokana kamar ba abin da ya faru.

"Mai babur! Ki ba wa mai babur uwar ɗakina saboda kantun da ko daɗi babu? Zuma kike sawa kamar mai ɗiga maganin ido. Dakuwarki kuwa abin kunya ce. Jikar dillalin citta guda, amma a ci dakuwarki ko tari ba a yi. Babu citta a ciki ko ta rantsuwa."

"Don yara na yi, ba don tsohon da harshensa ya yi ritaya ba. 'Yar kaɗan ake sa musu, don ƙamshi."

"A zamaninmu yaro yana cin dakuwa yana kuka, yana kuma miƙo hannu a ƙara masa."

"Shi ya sa duk kuka tashi da baƙin rai. In ba daɗi, me ya sa kake sata?"

"Taimakonki nake yi. Ina rage wa yarinya wahala."

"Kantu nawa ka ci a makon nan?"

"Duk wanda na kama. Gurum-gurum nake taune shi, har maigadi yana juyowa."

Zahra'u ta tsaya cak. Ta sauke jakarta a kan tabarma, ta ƙura masa ido.

"Buɗe bakinka."

"Don me? Likita kika zama?"

"In ga ma'aikatan da ke wannan gurum-gurum ɗin."

"Ba na buɗe wa mata baki sai da sadaki."

"Ba sai ka buɗe ba, na san su. Biyu ne. Ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, kuma ko gaisawa ba sa yi. Tuwon acca ma sai an sassauta maka shi kamar na mai jego. Da wane haƙorin kake cin kantu?"

"Tsotsa nake yi."

"Yanzu ka ce gurum-gurum."

"Tsotsar tawa ce mai ƙarfi."

"Wannan maiƙon na aljihunka fa? Ga tururuwa ma sun yi layi kamar ranar kasuwa."

"Turare ne."

"Turaren da tururuwa ke bi?"

Kafin ya kare, ta riga ta zura hannu a aljihun rigar. Ta zaro wani hankici a ƙulle, ta kwance shi a kan tabarma. Kantu ne a jere, wasu sun fara sanyi sun manne da juna, ko ɗaya ba a gutsura ba. Ni da ke kan katanga sai da na ce "ikon Allah" a fili, amma ba wanda ya kula ni.

"Kaka, mene ne wannan?"

"Ajiya ce. Na aurenmu nake tarawa."

"Kaka."

Ya ga ba mafita. Ya ja dogon numfashi, ya jingina da bango.

"Ke dai ba a yi miki abin arziki a ɓoye. Wata safiya ne, muna dab da get, na ga uwar ɗakina ta tsaya ta tura kular can ƙasan jaka, ta danne da littattafai. Na ce lafiya? Ta ce 'yan ajinsu suna mata dariya in an fita hutun tara. Nasu a leda mai ƙyalli yake, daga shago. Nata kuwa wai abincin ƙauye ne, abincin tsofaffi. Shi ya sa ba ta ko buɗewa, sai ta zauna da yunwa har a tashi."

"Ba ta taɓa gaya mini ba."

"Ni ma cewa ta yi kada in gaya miki. Ta ce Mama tana tashi tun da asuba tana daka, in ta ji ba za ta ji daɗi ba."

Zahra'u ta sa bakin mayafi ta rufe bakinta. Tsoho ya yi kamar bai gani ba, ya ci gaba, muryarsa tana dawowa da ƙarfinta.

"Na ce to, tunda abincin tsofaffi ne, bari tsoho ya zo ya karɓi kayansa. Washegari a bakin get, gaban kowa, na ɗaga murya na ce ta ba ni kantu. Kin san jininku, ba ku taɓa ba ni abu ta daɗi ba. Ta ce ba za ta bayar ba. Na ɗaga sanda, ta zura da gudu tana dariya, na bi ta. Yara suka taru. Na fizgi ɗaya, na kai baki, na lumshe ido, na yi ta juya muƙamuƙi ina cewa wannan ne sirrin da ya sa nake gudu a shekaruna. Da suka juya na jefa a aljihu."

"Gudu? Kai?"

"Ki tambayi maigadi. Ƙura na tayar. Yanzu ana fita tara uwar ɗakina take cinye nata tas, wai kada in dawo in tarar da saura. Somto, 'yar gidan Ignatius mai kayan babur, wadda ta fi kowa dariya a da, kullum sai ta miƙo biskit a yi musaya. Uwar ɗakina ta ce ba ta musaya, sai dai ta sam mata kyauta. Yaro ai ba ya son abin da ake lallaɓa shi ya ci. Ki ce za ki ƙwace, ki ga aiki."

"Me ya hana ka faɗa mini tun farko?"

"In faɗa miki ki saka mayafi ki je makaranta ki yi wa 'yan aji biyu lacca a kan riɗi? Da kin gama kashe ta da kunya."

"Wannan kuma da kake tarawa? Ka ba wa wani mana, ko ka zubar."

"In zubar da abin da kika tashi da asuba kika daka? Taunawa ta gagare ni, yarwa ma ta gagare ni. In na ba wa yaran unguwa kuma labari ya koma makaranta cewa ɓarawo ba ya cin abin da ya sata."

Gaskiya ni a nan idona ya cika. Shekara da shekaru ina jin mutanen nan biyu suna yankar juna da baki, ban taɓa ganin Zahra'u ta ajiye tsokana ba sai ranar. Ta durƙusa a gabansa.

"Na gode, Kaka. Allah ya saka maka da alheri. Allah ya bar mana kai."

"A'a, tashi, tashi. Kada ki ɓata mana tsari. In kika fara yi mini ladabi mutane za su ɗauka na kusa mutuwa."

Ta yi dariya tana share ido. Ta jawo jakarta, ta fito da wata tsohuwar kula ta Maijidda, mai hoton zomo a murfi.

"Dama cin hanci na kawo maka, don ka ci naka ka ƙyale na yarinya. Dakuwa ce, na daka ta lukui, ko jariri zai iya da ita, balle kai. Amma yanzu sharaɗin ya canza."

"Ina jin ki."

"Mai babur ya nemi wani aikin. Anti Faustina ni zan same ta in yi mata bayani, ta gaya wa maigadi ya bar ɓarawonmu ya yi sana'arsa. Kai kuma Litinin ka ƙwace kamar kullum. Zan riƙa sa ɗaya mai laushi a gefen dama, naka ne. Ka ci da gaske, ka daina kiwon tururuwa a aljihu."

"Kular mai zomo fa?"

"Taka ce. Ai kai ma ɗan makaranta ne, kullum kana get."

"To Allah ya sa kada a yi mini dariya a aji."

Ya buɗe kular, ya ɗauki dunƙule ɗaya, ya kai baki. Ya daɗe yana mamula. Sai ga hawaye ya gangaro masa ta gefen hanci, ya yi sauri ya goge da hannun riga.

"Kaka, kuka kake yi?"

"Wane irin kuka? Citta ce kika cika. Kashe ni za ki yi ki ci gado?"

"Ɗazu ka ce babu citta ko ta rantsuwa."

Tsoho ya dube ta, ya dubi dakuwar da ke hannunsa, sai ya fashe da dariya har haƙoran nan biyu suka fito fili.

"Kin ci wannan, amarya. Rufe mini kulata, kada waccan ta kan katanga ta sa mata ido."