Yadda Na Sa Kawu Ya Aika wa Matar Alƙali Saƙon Soyayya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta, da ranar da 'yar fasahata ta kusa zubar da mutuncin Kawu Malam Sambo a Zurmi.

Lokacin ina karatun kwamfuta a Kaura Namoda. Shari'a ta riga ta zauna daram a jiharmu, intanet kuwa baƙo ne. Wanda duk ya iya buɗe imel kallon injiniya ake yi masa, to balle ni da na iya haɗa bulog, wato shafin rubuce-rubuce a intanet. Tafiyata ma sai da ta canza. Kawu shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Malami ne mai karantarwa a zaurensa, ba shi da mota, ba shi da wata gonar kirki. Abin da ya mallaka a duniya sunansa ne, kuma da wannan sunan na je na yi wasa.

Ni na kawo shawarar (ba wanda ya aike ni, a rubuta wannan) cewa in buɗe masa shafi, in riƙa sa karatunsa, sannan in haɗa fom wanda mutum zai cike ya riƙa samun darasi a imel ɗinsa kowane mako. Na zauna a wani kafe na intanet kusa da tashar jirgin ƙasa na zuba basira. Na yi wa fom ɗin launin kore, na sa Bismillah a sama, gurbin suna, gurbin imel, sai gurbin gari inda mutum zai zaɓi Zurmi ko Kaura ko Shinkafi ko Jangeru. Na ari kwamfutar hannu na kai masa ya gani, ina jiran yabo.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "In mutum ya rubuta sunanai, ina sunan ka zuwa?"

Na ce duk wuri ɗaya suke taruwa, a jeri guda.

"Maza da mata wuri guda?"

Na shiga bayani cewa ai ba sa ganin juna, sunaye ne kawai a cikin na'ura. Ya ce, "Ko zauren ga da kaka gani akwai labule. Ka raba su." Magana ta ƙare. Sai na yi maballi biyu a ƙasan fom ɗin, na maza da na mata, kowanne da jerinsa.

A nan matsalar take. Kamfanin da ke aika saƙonnin jeri biyu kawai yake bayarwa kyauta, ni kuma na riga na cinye ɗaya. (Yanzu sai ku yi mini uzuri, ƙuruciya ce.) Akwai wata yarinya a ajinmu, Sa'adatu, wadda in na gan ta bakina yake mutuwa. Tunda na kasa magana, sai na haɗa mata shafi na musamman da fom mai furanni, na tura mata adireshin. Na tsara shi yadda da zarar an cike, saƙon maraba zai tafi, sannan kowace safiya wani sabon saƙo ya bi baya da kansa. Na jera su da yawa, kowanne ya fi na baya zaƙi.

Wannan tsohon jerin na ɗauko. Na canza masa suna zuwa "Mata", na goge sunana a matsayin mai aikawa na sa "Malam Sambo Zurmi", na ɗaura shi a maballin mata. Saƙonnin da ke kwance a ciki kuwa ko tunawa da su ban yi ba. Na gwada maballin maza, darasin tsarki ya shigo lafiya lau. Na kai hannu kan na mata sai na ji nauyi. Kafe cike da mutane, ga wani mai gemu a kujerar kusa da ni yana leƙe, ni ƙato da ni in danna wurin mata? Na ce ai duk aiki ɗaya ne, na rufe na tashi.

Ranar Juma'a Kawu ya sanar da shafin bayan karatu. Ban ji komai ba sai tsakiyar mako, ina fitowa daga aji, wayata ta yi ƙara. Kawu ne, kuma ko sallama bai tsaya mun gama ba.

"Ka taho Zurmi yanzu. Kada ka biya gida, ka wuce zauren Alƙali."

Ya kashe. Kafin in nemi abin hawa na ruga kafe na buɗe jerin mata. Mata sun shiga. Malaman makaranta, wata ma'aikaciyar asibiti, sai suna na farko a sama: Hajiya Luba, hedimistires, uwargidan Alƙali. A gefen kowane suna an rubuta cewa saƙonni sun tafi, kuma an buɗe.

Ban san yadda na hau kabu-kabu ba. Tun daga Kaura har Zurmi ba addu'ar da ban karanta ba, har da ta shiga kasuwa. Ina lissafin bulala, ina tunanin ko a filin kasuwa za a yi mini ko a harabar kotu. Na yi tunanin in ce wa mai mashin ya juya Shinkafi in tsallaka Nijar. Amma abin da ya fi tsorata ni ba bayana ba ne. Dattijon da mata ke aiko masa tambayar haila da idda saboda sun amince da shi, yau a ce yana aika wa matan aure zancen so. Ko an wanke shi, wa zai sake zama a zaurensa?

Na tarar da su su biyu. Alƙali a kan buzu da takarda a hannu, Kawu a gefen tabarma ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe su.

Alƙali ya miƙo mini takardar. "Karanta muna. Da ƙarfi."

Na karanta. Wallahi na karanta. "Ya ke sanyin idaniyata, tun ranar da na gan ki da hijabinki ruwan toka, tuwo bai sake zama a cikina ba. Ko ba ki amsa ba, gobe ma zan dawo." Na ƙarasa, "Naki har abada, Malam Sambo Zurmi."

Alƙali ya ce, "Hajiya na da hijabi ruwan toka. Kuma gobe ɗin ya dawo, kamar yadda yac ce."

Sai kawai na fashe da bayani, hawaye da majina, maballi, jeri, kamfani, Sa'adatu, mai gemun kafe, komai. Na rantse Kawu bai ma san yadda ake kunna kwamfuta ba. Alƙali ya bar ni na gama, sannan ya ce, "To ita ɗiyar da kar rubuta ma wanga abu, mi tac ce?"

Na sunkuyar da kai. "Allah shi gafarta Malam, ba ta taɓa cike fom ɗin ba."

Ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki, kafaɗunsa suna girgiza. Da ya samu kansa sai ya yanke hukunci: ba kotu, ba bulala, amma in bi gidan kowace mace da ke jerin, in yi sallama da mijinta ko mahaifinta, in faɗa da bakina cewa ni na rubuta. Na yi. Akwai wanda ya sa na maimaita masa saƙon a gaban abokan hirarsa. Da bulalar aka yi mini da ta fi sauƙi.

A hanyar gida na tambayi Kawu me ya sa bai gaya wa Alƙali tun farko cewa aikina ne ba, ya zauna ana yi masa kallon mai laifi.

Ya ce, "Na san aikinka na. Amma ban san mi za a yanke ba, shi ya sa ban kama sunanka ba."

Na bi bayansa muka shiga gida.

Yanzu haɗa shafuka da fom shi ne abincina, kuma ba na miƙa aiki sai na danna kowane maballi da hannuna. Na mata nake fara dannawa, da sunana da na mahaifina, ko da limamin gari ne zaune a kusa da ni.